Dare Na Huɗu a Tudun Jukun

Baƙuwa, ba ki da suna tukuna,
ragonki yana bayan ɗaki yana tuƙa,
amma duk layin nan ya san muryarki.

Uwarki tana Shika, gado na uku daga taga.
An ɗinke ta, zazzaɓi ya riƙe ta,
nonon ma ya ƙi zuwa.
Sau shida ta kira ni tun isha'i:
"Ta sha? Nawa ta sha? Ka ɗaga ta?"
Na ce kin sha.
Ban ce kin dawo da shi a wuyan rigata ba.

Ni bakanike ne.
Shekara goma sha ɗaya a Kwangila
ina kasa kunne ga cikin babur.
In ya yi tari, na san inda iska ta kutsa,
in kwance, in busa, in ɗaure, ya tashi.
Ke ba ki da noti.
Ba ki da murfin da zan buɗe in leƙa.
Cikinki kamar ɗan tulu, ya yi tauri,
kina naɗe ƙafa, kina dunƙule hannu
kamar mai bin duniya bashi.

Na dafa bulumboti har risho ya gaji.
Na auna ruwa daidai layi,
na shafe bakin cokali da bayan wuƙa,
yadda Sista Briskila ta nuna mini sau biyu
don ta ga hannuna yana rawa.
Na ɗiga a wuyan hannu: ba zafi, ba sanyi.
Gwangwani ɗaya, gyaran babur biyar,
kika kurɓa uku, kika ƙware,
kika kau da kai kamar na ba ki maɗaci.

Ƙarfe biyu Goggo Tabawa ta ɗaga labule
da jiƙonta a kofin silba.
"Tara na haifa, duk da wannan suka tashi."
Na ce, "Goggo, an hana."
Ta ce, "Wa?"
Na ce, "Asibiti."
Ta aje kofin da ƙarfi, ta yi tsaki,
amma ba ta fita ba.

Ta karɓi bulumbotin, ta kife shi a hasken tocila.
Madara ta tsiyayo ba a matsa ba.
"Kai da kake gyaran inji!
Wannan ai famfon masallaci ne.
Maƙogwaron da bai kai tsinke ba
za ka sakar wa Kubanni?"

Muka sauya kan roba.
Ta zaunar da ke a gwiwata, ba kwance ba,
ta ce in bar ki ki huta tsakanin kurɓa,
ai ko mai azumi ba ya shanye randa.
Kika sha. A hankali. Kunnenki yana motsi.

Sai kafaɗa.
Daga ƙofa zuwa randa taku bakwai ne,
na ƙirga har ƙirgan ya ɓace mini.
Tafin da ya saba da sifana
yana koyon bubbuga bayan da bai kai shi faɗi ba.
Tirelolin hanyar Kano suka yi shiru.
Goggo ta yi gyangyaɗi a kan turmi.
Ladan ya gyara murya,

kika yi gyatsa.

Ƙarama, mai tsami, da ɗan tumbuɗi a bayanta.
Wallahi ban taɓa tayar da injin
da ƙararsa ta yi mini daɗi haka ba.

Cikin ya saki. Yatsunki suka buɗe ɗaya-ɗaya.
Na kira Shika, ban ce komai ba,
na kara wayar a bakin hancinki.
Can na ji Zulai tana jan numfashi,
tana ƙirga naki.

Gobe da dare, na sani, za mu sake.
Goggo ta zubar da jiƙon a gindin zogale,
ta ce in jiƙa rigar kafin ta bushe.